Taura biyu a baki ɗaya: tambayoyi da amsoshi kan likitan jijiyoyi mai duba marasa lafiya kuma mai binciken kansar ƙwaƙwalwa

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban likitanci da sabbin likitoci suka fi maimaitawa idan zance ya biyo ta kan haɗa jinya da binciken kansar ƙwaƙwalwa. Wasu daga ciki dangin marasa lafiya ma suna yi, musamman idan suka ji cewa likitan nasu kwana ɗaya ko biyu kacal yake zama a asibiti, sauran kwanakin yana ɗakin bincike.

Wane ne likitan jijiyoyi, kuma me ya raba shi da likitan taɓin hankali ko mai tiyatar ƙwaƙwalwa?

Da an ce "likitan ƙwaƙwalwa" sai hankalin mutane da yawa ya tafi ga likitan taɓin hankali, alhali aikin ba ɗaya ba ne. Likitan jijiyoyi yana kula da cututtukan da ke taɓa naman ƙwaƙwalwar ita kanta, da laka, da jijiyoyin da suka ratsa hannu da ƙafa, har da tsoka. Farfaɗiya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon kai mai naci, karkarwa, cutar mantuwa, duk nasa ne. Yana gano cuta ya ba da magani, amma ba ya riƙe wuƙa. Buɗe ƙoƙon kai aikin likitan tiyata ne. Wanda ake magana a kansa a nan likitan jijiyoyi ne da ya ƙara karatu a kan ƙarin da ke fitowa a ƙwaƙwalwa da laka.

Wannan rabon aiki ya daɗe. A watan Nuwamban 1884, a Landan, an kai wani saurayi asibiti yana fama da jijjiga a ɓarin hagu, hannunsa kuma ya shanye. A lokacin ko hoton ƙashi ba a ƙirƙiro ba. Likita Alexander Hughes Bennett ya duba shi, ya auna alamomin, ya ce akwai ƙari a wuri kaza a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa. Rickman Godlee ya buɗe daidai wurin, ya tarar da shi, ya cire. Saurayin ya farfaɗo, amma bayan kimanin wata guda ƙwayoyin cuta suka shiga raunin ya rasu. Har yau haka aikin yake tafiya, ɗaya ya nuna wuri, ɗaya ya yanka, sai dai yanzu wanda ya nuna wurin shi ne ke ci gaba da riƙe marar lafiya bayan an ɗinke.

To tunda ba ya tiyata, me yake yi wa mai ƙari a ƙwaƙwalwa?

Tiyata kwana ɗaya ce, jinya kuwa watanni ne ko shekaru, kuma mafi yawan wannan lokaci a hannunsa yake. A wasu ƙasashe, kamar Amurka da Jamus, shi da kansa yake rubuta maganin kemo ya kuma bibiyi gwajin jini. A wasu wuraren likitan cutar kansa ne ke rubutawa, shi kuma ya riƙe ɓangaren jijiyoyi. Ko ta wace hanya, shi ke daidaita maganin farfaɗiya, shi ke lura da gudan jinin da kan daskare a ƙafa, shi kuma ke fama da dekzametason. Wannan magani yana sauke kumburin ƙwaƙwalwa cikin kwana ɗaya ko biyu har dangi su ɗauka an warke, amma in aka daɗe a kansa fuska ta kumbura, sukari ya hau, barci ya ƙaurace, cinyoyi su yi sanyi har mutum ya kasa tashi daga kujera sai ya dafa. Sanin ranar da za a rage shi, da yawan abin da za a rage, gwaninta ce mai zaman kanta.

A ɗakin duba marasa lafiya abin ba shi da wani armashi ga mai kallo. Likita zai ce, "Miƙa hannuwanka gaba, tafi yana kallon sama, ka rufe ido." Sai ya yi shiru yana ƙirga daƙiƙa. Idan hannu ɗaya ya fara juyawa ciki yana sauka a hankali ba tare da mai shi ya sani ba, ya ga abin da yake nema. Zai ɗaga alƙalami ya ce, "Mene ne wannan?" Marar lafiya ya buɗe baki, ya san abin, ya san amfaninsa, har ya kwatanta rubutu da yatsa, amma sunan ya ƙi fitowa. Matarsa da ke gefe ta ce ai tun makon jiya yake haka. Wannan maganar tata takan fi hoton da aka ɗauka jiya nauyi, kamar yadda za a gani a tambayar da ta shafi yaudarar hoto.

Akwai kuma rabin aikin da mutane ba su cika sani ba, wato masu kansa a wani sashe na jiki da jijiyoyinsu suka taɓu. Mai kansar mama da maganin kemo ya kashe mata tafin ƙafa, mai kansar mafitsara da ƙari ya danne masa laka cikin dare yana neman ya gurgunce, mai kansar jini da sabon maganin garkuwar jiki ya rikita masa tunani, duk shi ake kira.

Duk ƙarin da ya fito a ƙwaƙwalwa kansa ne?

A'a. Wanda ya fi yawa cikin waɗanda ke farawa daga cikin kai shi ne meninjiyoma, daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa yake tsirowa, kuma galibinsa ba mugu ba ne. Wasu ma sa musu ido kawai ake yi. A manya, mugun ƙarin da aka fi gani a ƙwaƙwalwa baƙo ne, ya taso daga huhu ko mama ko fata ya yi ƙaura. Sai dangin giliyoma, waɗanda ke fitowa daga ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana jera ƙarin ƙwaƙwalwa daga mataki na 1 zuwa na 4. Giliyobalastoma tana mataki na 4, ita ce mafi yawa kuma mafi muni cikin kansar da ke farawa daga ƙwaƙwalwar manya, kuma a kanta yawancin binciken da za a ambata a ƙasa ya ta'allaƙa. Ita ce ajalin Sanata Edward Kennedy a 2009 da Sanata John McCain a 2018, mutanen da ba su rasa kowane irin asibiti ko likita ba.

Shekara nawa karatun yake ɗauka?

Ya danganta da ƙasa, amma babu inda yake gajere. A Amurka, bayan digirin farko na shekara 4 da makarantar likitanci ta shekara 4, ana yin shekara 4 a horon jijiyoyi, sannan shekara 1 ko 2 a horon ƙarin ƙwaƙwalwa. Wanda ya haɗa digirin likitanci da digirin digirgir a kimiyya tun farko yakan ƙara kamar shekara 4 a kai. A ƙasashen da ake shiga likitanci daga sakandare lissafin ya ɗan bambanta, amma ƙarshensa ɗaya ne, da wuya mutum ya mallaki ɗakin bincikensa kafin ya doshi shekara 40.

Digirin digirgir ba dole ba ne. Abin da yake dole shi ne wasu shekaru a ƙarƙashin wanda ya iya bincike, kana yi yana gyara maka. Mai son gudanar da gwajin magani a kan mutane ya fi buƙatar ilimin ƙididdiga fiye da iya kiwon ɓeraye, kuma an yi bayanin wannan a tambayar ire-iren bincike.

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa. Yaya ake raba lokaci?

Tana taunuwa, amma ba daidai wa daida ba. Duk wanda ya ce zai ba kowane ɓangare rabi, yawanci asibiti ne ke cinye duka, domin marar lafiya ba ya jira, ɓera kuwa ba ya buga waya. Shi ya sa masu ɗakin bincike kan nemi a rubuta musu a takardar aiki cewa kashi 70 ko 80 cikin 100 na lokacinsu na bincike ne. Tallafin da Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka ke ba matasan likitoci masu bincike ma sharaɗinsa ke nan, galibi aƙalla kashi 75. A aikace wannan na nufin yini ɗaya na ganin marasa lafiya a mako, zaman haɗin gwiwa da likitocin tiyata da na gashi (ƙona ƙari da haske mai ƙarfi) da masu karanta hoto da masu duba nama, sai wasu makonni a shekara na kwana da waɗanda aka kwantar.

A takarda ke nan. A zahiri, kana tsakiyar duba sakamakon gwajin da ɗalibinka ya yi wata uku yana haɗawa, sai saƙo ya shigo cewa wadda ka gani ranar Talata ta faɗi a banɗaki. Ba za ka ce mata yau ranar bincike ce ba. Masu daɗewa a aikin su ne waɗanda suka samu ma'aikaciyar jinya ƙwararriya da abokan aiki masu riƙe musu, suka kuma taƙaita irin marasa lafiyar da suke gani zuwa cutar da suke bincike a kanta. Sannan akwai taura ta uku da ba a faɗa wa ɗalibi, wato neman kuɗi. Albashin ma'aikatan ɗakin bincike, sinadarai, abincin ɓeraye, duk daga tallafi suke fitowa, kuma takardun neman tallafi da ake mayarwa sun fi waɗanda ake karɓa yawa nesa ba kusa ba. Wanda ba ya son rubutu ya sake tunani.

Me zai hana a bar bincike ga masana kimiyya, a bar jinya ga likitoci?

Mafi yawan aikin haka ake yinsa, kuma yana tafiya. Amma akwai tambayoyin da ba sa zuwa wa wanda bai taɓa tsayawa a bakin gado ba. Misali mafi kyau shi ne na Josep Dalmau, wanda ya yi horo a wurin Jerome Posner a asibitin kansa na Memorial Sloan Kettering da ke New York. Ya lura da wasu 'yan mata da hankalinsu ya gushe farat ɗaya, suka shiga jijjiga, numfashi ya gagara, kuma kowacce tana da wani ƙari a ƙwan mahaifarta. Ya ɗebi ruwan lakarsu ya kai ɗakin bincike. A 2007 shi da abokan aikinsa suka bayyana cewa garkuwar jikinsu ce ke kai hari kan wata ƙofar saƙo a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ake kira NMDA. Yau cuta ce sananniya mai magani, kuma da yawa suna warkewa, alhali a da wasunsu ɗakin masu taɓin hankali ake kai su.

Na biyu ya shafi giliyoma kai tsaye. Shekara da shekaru ana kallon ƙarin kamar baƙon da ya zauna a ƙwaƙwalwa yana ture maƙwabta. Michelle Monje ta Jami'ar Stanford da Frank Winkler na Heidelberg a Jamus, dukansu likitocin jijiyoyi ne masu ganin marasa lafiya, suka tambayi abin da mai tunanin jijiya ne zai tambaya: shin ƙarin yana jin abin da jijiyoyin ke faɗa? A 2015 ɗakin Monje ya nuna cewa motsin jijiyoyi yana ƙara wa giliyoma girma. A shekarar kuma ɗakin Winkler ya nuna ƙwayoyin ƙarin suna miƙa wa juna wasu dogayen zare suna zama kamar raga. A 2019 ɓangarorin biyu suka nuna cewa jijiyoyi suna haɗa baki da ƙwayoyin kansar kamar yadda suke yi da junansu, saƙon lantarki yana shiga. An ba su kyautar Brain Prize ta 2025 tare.

A ganina amfanin ya fi haka sauƙin fahimta. Likitan da zai shiga ɗaki ranar Talata ya kalli idon mai cutar ba ya saurin ruɗuwa da maganin da ya ƙara wa ɓera kwana goma. Kuma mai binciken da ya san yadda ake samar da hujja ba ya saurin rubuta wa marar lafiya sabon magani don kawai an yi ta yayata shi.

Wane irin bincike ake yi? Dole sai da ɓeraye?

Ba dole ba. Akwai masu aikin ƙwayoyin halitta da dabbobi, akwai masu tsara gwajin magani a kan mutane, akwai masu nazarin hoto, akwai masu bin diddigin yadda gashi da kemo ke taɓa tunani da ƙwaƙwalwar ajiya bayan shekaru. Wanda yake tsakiya shi ne mai karɓar nama daga ɗakin tiyata. Ana kira a ce an kusa, ma'aikaci ya tsaya a ƙofa da akwatin ƙanƙara. Likitan duba nama ne ke fara ɗaukar rabonsa, domin gano cutar marar lafiya ya fi komai. Abin da ya rage, wani lokaci bai kai kan ɗan yatsa ba, shi ake gudu da shi, a daskarar da wani, a yayyanka wani a raine shi a kwalba, a dasa wani a kan ɓera. Duk wannan sai da sa hannun marar lafiya tun kafin tiyata.

Wannan wahala tana da dalili. Shekaru da dama ɗakunan bincike a duniya sun dogara da wasu ƙwayoyin giliyoma da aka raina a Jami'ar Uppsala ta Suwidin tun shekarun 1960, masu suna U87. A 2016 masu bincike daga jami'ar suka gwada, suka tarar waɗanda ake sayarwa da wannan suna ba daga ƙarin asali suka fito ba. Takardu sama da dubu an riga an rubuta a kansu.

Me ya sa giliyobalastoma ta gagari likitoci har yanzu?

Na farko, ba ta da iyaka. Abin da ke haske a hoto cibiyarta ce kawai, ƙwayoyinta sun riga sun bi hanyoyin jijiyoyi sun yi nisa. A 1928 Walter Dandy na Johns Hopkins ya ba da rahoton cire rabin ƙwaƙwalwa sukutum ga wasu masu giliyoma, kuma hakan bai hana cutar dawowa ba. A hanji ko mama likita yana iya yanka har da lafiyayyen nama a kewaye don ya tabbatar. A ƙwaƙwalwa wannan lafiyayyen naman shi ne maganar mutum ko tafiyarsa. Shi ya sa wani lokaci ake tashin marar lafiya ana tsakiyar tiyata, ana sa shi ƙirge ko kiran sunayen hotuna, da ya fara sarƙewa a tsaya.

Na biyu, shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Tun shekarun 1880 Paul Ehrlich ya ga cewa rinin da ya yi wa dabba allurarsa ya rina gaɓoɓin jiki ya bar ƙwaƙwalwa. Shingen da ke kare mu daga guba shi ne ke tare yawancin magungunan kansa. Na uku, ƙarin ba iri ɗaya ba ne ko a cikin kai ɗaya. Ka ɗebi gaba ka ɗebi baya, ka tarar da ƙwayoyin gado sun sha bamban, sai maganin ya kashe wani kashi ya bar wa wani fili. Haka ya faru da rigakafin rindopepimut, wanda aka ɗora wa buri, aka dakatar da babban gwajinsa a 2016. Maganin garkuwar jiki nivolumab, wanda ya sauya labarin kansar fata da ta huhu, shi ma bai ƙara wa masu giliyobalastoma kwana ba.

To an samu wani ci gaba kuwa, ko tuƙa ake da warwara?

An samu, amma sai an faɗe shi da lambobinsa don kada a yaudari kowa. A 2005 aka fitar da sakamakon gwajin da Roger Stupp ya jagoranta daga Lausanne ta Suwizalan, a kan marasa lafiya 573. Rabi aka yi musu gashi kaɗai, zama 30 cikin mako 6. Rabi aka haɗa musu da ƙwayar temozolomid, maganin da aka ƙirƙiro a Jami'ar Aston da ke Birmingham ta Ingila. Lokacin da rabin marasa lafiya suka rasu ya matsa daga wata 12.1 zuwa 14.6. Wata biyu da rabi ke nan, kuma mai ji zai iya raina shi. Amma waɗanda suka kai shekara biyu sun tashi daga kashi 10.4 zuwa 26.5 cikin 100. A lokaci guda Monika Hegi ta nuna cewa waɗanda ƙwayar gadonsu ta MGMT take a kulle su ne suka fi cin moriyar maganin, domin ƙarin ba ya iya gyara ɓarnar da aka yi masa. Shekara 20 bayan haka, wannan tsari shi ne ginshiƙin jinya. An ƙara masa wata na'urar lantarki da ake mannawa a kan aski, wadda a gwajin da aka wallafa a 2017 ta kai lissafin wata 20.9 maimakon 16.

Labarin da ya fi daɗi yana ga ƙwayar gadon IDH. A 2008 masu bincike a Johns Hopkins da Duke suka gano canji a cikinta a wani kaso na masu giliyoma, galibi matasa, kuma su ne suka fi daɗewa. Aka gano canjin yana sa ƙwayar ta samar da wani sinadari da ke rikita ta. Wannan ya sauya hatta sunayen cututtukan. Tun daga rabe-raben Percival Bailey da Harvey Cushing na 1926 ana sa wa ƙari suna ne da kamanninsa a madubin likita, amma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da gwajin ƙwayoyin gado, a 2021 kuma ta ce duk mai canjin IDH ba a ƙara kiransa giliyobalastoma. A watan Agustan 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da vorasidenib, ƙwayar da ke toshe wannan canji. A gwajinta, masu giliyoma mataki na 2 sun kai wata 27.7 kafin ƙarin ya motsa, waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki kuwa wata 11.1. Daga ganowa zuwa magani shekara 16, kusan rabin rayuwar aikin mutum ɗaya.

Da gaske hoton MRI yana yaudara?

Yana yi, ta fuska biyu. A watanni uku na farko bayan gashi da temozolomid, hoton kan nuna wurin ya ƙara haske ya ƙara faɗi, kai ka ce ƙarin ne ya dawo da ƙarfi, alhali kumburi ne na naman da magani ya ƙona. Likitan da ya firgita ya canza magani ya raba marar lafiya da abin da ke yi masa aiki. A nan ne dubawar da aka kwatanta a tambaya ta biyu ke shigowa. Idan hoto ya yi muni amma mutum ya shigo da ƙafarsa, hannunsa bai sauka ba, yana kiran alƙalami da sunansa, sau da yawa a ci gaba da magani ne a sake hoto bayan wasu makonni.

Ɗaya fuskar ita ce ta bevasizumab, wanda Amurka ta amince da shi a 2009 ga waɗanda cutar ta dawo musu. Yana toshe yoyon jijiyoyin jini, sai hoto ya yi fes cikin kwanaki. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2014 suka nuna bai ƙara tsawon rai ba. Har yanzu ana amfani da shi don rage kumburi da sauƙaƙa wa mutum, amma an daina ɗaukar kyawun hoto a matsayin nasara. Saboda irin waɗannan ne aka fito da sabbin ƙa'idojin auna tasirin magani, masu suna RANO, a 2010.

Ba cin amana ba ne likita ya sa marar lafiyarsa a gwajin da shi ke gudanarwa?

Tambayar tana kan hanya, kuma likitan da bai taɓa yi wa kansa ita ba abin tsoro ne. Yana son marar lafiya ya samu sauƙi, yana kuma son gwajinsa ya cika adadi, sunansa ya fito. Marar lafiya kuwa ya yarda da shi, duk abin da ya ce "to" ne. Ga kuma abin da ya keɓanta da wannan fanni, cewa gaɓar da za ta fahimci bayani ta yanke shawara ita ce ba ta da lafiya.

Kariyar da ake da ita ta haɗa da Sanarwar Helsinki ta 1964 da gyare-gyarenta, kwamitin ɗa'a da ke tantance kowane gwaji, da wani kwamiti daban da ke leƙa sakamako ya dakatar in an ga cutarwa. Sauran yana ga halin likitan. Ya faɗa ƙarara cewa gwajin mataki na farko don gano adadin da jiki zai iya ɗauka ake yinsa, kuma samun sauƙi daga gare shi ba tabbas. Ya faɗa cewa shi ke gudanar da shi. Ya ba da kwanaki a je a yi shawara. Ya kuma nanata cewa wanda ya ƙi shiga, ko ya fita a tsakiya, kulawarsa ba za ta ragu ba.

Idan marar lafiya ya ce, "Likita, wata nawa ya rage mini?" me ake ce masa?

Ba a jefa masa "wata 15" a tashi. Wannan lamba tsakiyar taron mutane ce, rabi ba su kai ba, rabi sun wuce, kaɗan sun wuce da shekaru. Shekarun mutum, ƙarfin jikinsa, yawan abin da aka cire a tiyata, da sakamakon MGMT da IDH da aka yi bayani a tambayar ci gaba, duk suna matsar da shi gaba ko baya. Ƙwararru kan fara da tambayarsa me ya riga ya sani, kuma nawa yake son ya ji yau. Wani yana son lambar don ya rubuta wasiyya ya biya bashi, wani yana son a faɗa wa babban ɗansa shi a ƙyale shi.

Abin da ba a yi shi ne jinkirta maganar. A sauran kansoshi mutum kan riƙe hankalinsa har kusa da ƙarshe. A wannan, magana da tunani kan tafi da wuri, don haka wa zai yanke masa shawara in ya kasa, a ina yake son ya ƙarasa, wace jinya ba ya so, gara a tambaya tun yana iya amsawa da bakinsa.

Yawan rasa marasa lafiya ba ya karya zuciya?

Yana karyawa. Akwai waɗanda suka bari suka koma fannin farfaɗiya ko ciwon kai, kuma babu abin kunya a ciki. Waɗanda suka zauna galibi sun canza abin da suke ƙirgawa. Mutum ya daina faɗuwa, ya koma aiki na wata takwas, ya ga auren 'yarsa da hankalinsa. Wasu kuma suna cewa ɗakin binciken ne ke riƙe su, domin washegarin ranar da suka ba da mummunan labari sau uku suna da wurin zuwa da abin taɓawa. Sai dai shi ma ɗakin binciken yana da nasa makokin, aikin shekara huɗu kan rushe a sakamako ɗaya.

Ni ɗalibi ne, kuma ba a babbar cibiyar bincike nake ba. Ta ina zan fara?

Fara da iya duba jijiyoyi da hannu har ka iya faɗin inda ciwo yake kafin a buɗe hoto, sannan ka duba ko ka dace. Koyi ƙididdiga sosai, yadda in aka nuna maka zanen tsawon rai na ƙungiyoyi biyu za ka gane ko ratar ta gaske ce. Nemi izinin zama a taron da likitoci ke tattauna masu ƙari, ko a kujerar baya ne. Wajen zaɓen malami kada sunansa ya ruɗe ka, tambayi inda ɗalibansa na baya suka ƙare, da ko yana amsa musu saƙo.

Rashin manyan na'urori ba ya hana bincike. Bayanan ƙwayoyin gadon ɗaruruwan masu giliyobalastoma daga shirin TCGA na Amurka, wanda da wannan cuta ya fitar da rahotonsa na farko a 2008, suna nan a intanet kyauta ga mai kwamfuta da ya iya sarrafa su. Akwai kuma aikin da ba ya buƙatar komai sai izinin kwamitin ɗa'a da haƙuri, wato ka tattara fayil ɗin duk mai ƙarin ƙwaƙwalwa da asibitinku ya gani a shekara biyar, ka rubuta ranar da alamar farko ta bayyana, ranar da aka yi hoto, ranar tiyata, ranar da sakamakon nama ya fito, ranar da aka fara gashi, da adadin waɗanda suka ɓace tsakanin kowane mataki da na gaba.